Ganin Ido Ba Ya Sauke Wa Mai Sayarwa Nauyi

Akwai wata magana da ta zauna a bakin dillalai da masu gidaje har ta zama kamar nassi, wai muddin mai saye ya zagaya gida ya gani da idonsa, aka sallama masa a gaban shaidu, to duk abin da ya ɓullo daga baya rabonsa ne. Wannan magana ɓata ce, kuma daɗewarta a kasuwa ba ta mayar da ita halal.

Mutumin da aka kai shi gida da rani, bayan an toshe tsagar bango da siminti, an bi sawun danshi da sabon fenti, ta yaya idonsa zai gaya masa cewa ruwan Agusta yakan kwana a tsakar gidan, ko cewa gidan na gado ne, akwai 'yar marigayi a ɗakin aurenta wadda ba a nemi yardarta ba? Wannan sani yana ƙirjin mai gida da dillalinsa, wanda la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa.

Malaman Malikiyya, waɗanda muke karanta Risala da Muhtasar a gabansu, sun haramta ɓoye aibi, suka kira shi tadlisi, suka ba wanda aka yaudara zaɓin mayar da gida idan aibin babba ne, ko a rage masa kuɗi idan matsakaici ne. Kuma Manzon Allah (SAW) da kansa ya cusa hannu cikin tarin hatsi, ya taɓo jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tsawata wa mai shi bisa algus, bai zargi masu saye da rashin lura ba.

Sannan dokar ƙasa ta 1978 ta sanya filaye a hannun gwamna, har sayar da gida mai takardar shaidar mallaka ba ya inganta sai da amincewarsa, alhali talaka yana riƙe da 'yar takarda mai hatimin mai unguwa yana zaton ya gama. Wanda ya san haka ya yi shiru ya ci amana.

Saboda haka muna kira ga alƙalai da masu unguwanni da shugabannin dillalai, kada a ƙulla cinikin gida ko fili sai an rubuta aibinsa da bashin da ke kansa da magadansa, an karanta wa mai saye da harshen da yake ji. Wanda ya ƙi bayyanawa, kada a sa masa hannu.