Wa Ya Buga Hatimin?



A watan Mayun 2012 jami'an shige da fice suka kama 'yan Caina 45 a Kantin Kwari, bisa zargin ciniki ba bisa ƙa'ida ba. Ni tambayata ita ce, wa ya buga musu hatimin shigowa?

Ƙa'idar ɗaukar ma'aikata baƙi ba ta da duhu. Kamfani zai kawo baƙo ne in babu ɗan ƙasa mai wannan ƙwarewa, kuma sai an haɗa shi da 'yan Najeriya su koyi aikin, su gaje shi. Amma da zarar an miƙa na goro, mai dubawa sai ya kau da kai. Baƙo ya shekara goma kan kujera, magajin nasa kuwa a takarda kawai yake.

Ga yaron Indabo nan, ya gama injiniya a jami'ar Wudil, ranar Juma'a yana jigilar 'yan kasuwa a babur. Haushin baƙon yake ji, don shi yake gani da ido.

Labaranmu sun cika da kishiya da boka. Shi kuwa wannan jami'in, mai farin kaya, mai sallah a sahun gaba, wa zai rubuta mana shi a makon nan?