Baƙin da ke Biyo Irin Kifi: A Tantance Kafin a Zuba

Ɗan'uwa mai kiwon kifi, idan irin tarwaɗa ya yi tsada a Maiduguri, ba za ka rasa mai ba ka shawarar ka nufi Alau ko bakin kogin Ngadda ka sayi ƙananan kifi a hannun masunta ba. Kuɗinsu kaɗan ne, ga su kuma da ƙwari a ido. Ra'ayina shi ne, duk abin da ya fito daga kogi ko tafki, kifi ne, ciyawa ce, laka ce ko ruwan kansa, kada ya shiga kududdufinka sai ka tsare shi ka bincika. Domin ba kifi kaɗai ka sayo ba.

Akwai darasi a wurin masu ajiye kifin teku cikin akwatin gilashi don ƙawa, a Turai da Amurka. Sukan sayi wani dutse mai ramuka da ya daɗe a ruwan teku, wanda suke kira dutse mai rai, saboda ƙananan halittun da ke jikinsa suna tsabtace ruwa. Amma a cikin ramukan nan tsutsotsi masu ƙaya da ƙaguwa da wasu masu farautar kifi kan ɓuya. Saboda haka ƙwararrunsu sukan ajiye sabon dutse a wani mazubi dabam na makonni, suna haska shi da tocila da dare su ga abin da zai fito. Sun kuma gane cewa yawancin tsutsotsin nan masu cin ragowar abinci ne, ba su da laifi. Mai cutarwa kaɗai suke cirewa.

Ruwanmu ba na gishiri ba ne, amma baƙinmu ba su gaza nasu ba. Matsattsaku da ƙwarƙwatar kifi suna manne wa fata su sha jini, su bar miki. Akwai tsutsotsin da ido ba ya gani, masu kama jan naman da kifi ke numfashi da shi. Ɗan mazari da ke zaune a gindin ciyawar ruwa yana cinye 'ya'yan kifi tun suna ƙanana. Gaiwa kan yi rani a dunƙule cikin busasshiyar laka, ta farfaɗo da zarar ruwa ya taɓa ta. Katantanwa kuwa ɓarnarta biyu ce: a jikinta wasu tsutsotsi ke girma kafin su shiga kifi, zalɓe ya ci kifin ya sake yaɗa ƙwansu; wasu ire-irenta kuma su ne matattarar cutar tsargiya, wadda za ta iya kama kai da yaranka masu shiga ruwan.

Na san za ka ce kifin kogi ai lafiya lau yake yawo da waɗannan abubuwa. Gaskiya ne, amma a kogi yana da fili. A tankin siminti ko na leda inda ɗaruruwan kifi ke gogar juna, ga zafin Borno da ke gaggauta hayayyafar ƙwari, abin da ya shigo a jikin kifi ɗaya zai iya game tankin cikin 'yan kwanaki. Kuɗin da ka rage wajen sayen iri, ka mayar da ninkinsa a asarar abinci. Araha ba ta ado.

Abin yi ba mai wuya ba ne. Ka fi son iri daga wurin ƙyanƙyasa da aka sani. Ko daga ina ya fito, ka tsare shi a wani tanki dabam na kwana 14 zuwa 21, da komarsa da bokitinsa waɗanda ba sa taɓa babban kududdufi. Kada ka juye ruwan da aka kawo kifin a ciki. Ka tsamo kifin, ka zubar da ruwan nesa. Ka yi musu wankan gishiri, kamar giram 10 a kowace lita, na minti 10, kana tsaye a kansu, ka tsame su da zarar sun fara galabaita. Ka riƙa dubawa safe da yamma: kifin da ke goga jiki a bango, ko mai haki a saman ruwa, ko mai fararen ɗigo a fata, alama ce ta a nemi malamin kifi. Ka sa raga a bakin bututun shigar ruwa. Bayan kowane girbi ka busar da kududdufi a rana sosai. Wanda ruwan waje ya taɓa malala masa cikin kududdufi, kamar yadda ya faru da unguwanni da dama lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ya ɗauki ruwan nan tamkar na kogi.

Sai dai kada tsoro ya sa ka yi wa kowa kuɗin goro. Jajayen tsutsotsin da ke cikin laka da ƙananan ƙwarin ruwa abinci ne ga 'ya'yan kifi, koren ruwa kuma shi ne kiwon karfasa. Babban kuskure shi ne zuba maganin ƙwarin gona don a kashe komai. Gammalin 20, wanda wasu suka riƙa kamun kifi da shi, guba ce da yarjejeniyar Stockholm ta sa sinadarinta cikin jerin waɗanda za a daina amfani da su tun 2009. Irin wannan magani yana kashe kifi, yana kuma zama a naman wanda ya tsira, har ya isa tukunyar mai saye.

Saboda haka, ka tanadi ƙaramin tankin tsarewa tun kafin ka yi cinikin iri. Mako uku na haƙuri bai kai zafin asarar wata shida na ciyarwa ba. Allah Ya sa albarka a kiwo.