Sharuɗɗan Jami'ar Zamani Kafin Sayen Na'ura

Babu mai hankalin da zai yi jayayya cewa kwamfuta da intanet sun buɗe wa ɗalibai wata ƙofa ta ilmi wadda magabatanmu, da suka riƙa keta sahara zuwa Timbuktu da Alƙahira domin littafi guda da ijazar malami guda, ba su taɓa tsammanin irinta ba. Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta tun 2015, Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya kuma, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar da ita bayan shekara guda, sa'an nan aka farfaɗo da ita a zamanin Obasanjo, yau tana karantar da ma'aikata da matan aure waɗanda ba su da halin barin gidajensu.

Amma fuƙaha'u sun koya mana cewa ibada ba ta inganta sai sharuɗɗanta sun cika, kuma haka al'amarin yake ga jami'ar da ake yi mana bushara da ita, wadda a cikinta rajista da lacca da ɗakin karatu duk za su koma cikin wayar ɗalibi. Sharaɗin farko wutar lantarki ce. Sa'ad da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, ga kuma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU na wata tara, 'ya'yan talakawa a jami'o'in gwamnati zaman gida suka yi, alhali wasu jami'o'in kuɗi sun ci gaba da karatu ta intanet. Daga baya, a Afrilun 2024, kuɗin wuta na rukunin farko na masu amfani da ita ya ninka fiye da sau uku, nauyin da ya durƙusar da kasafin jami'o'i da dama. Tashar hasken rana mai megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero a 2019 ta nuna hanya, muddin za a kula da gyaranta.

Sharaɗi na biyu, wanda ya fi damuna, malami ne, domin yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke iya rubuta wa ɗalibi kundin digiri cikin dare ɗaya, babu mai rarrabe tahƙiƙi daga kwafe sai malamin da ya san na'urar, aka kuma biya shi haƙƙinsa har hankalinsa ya kwanta.

Saboda haka muna roƙon hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantu da shugabannin jami'o'inmu su fara da wuta da horar da malamai, kafin su ba da kwangilar kwamfutoci.