Ƙibar Yaro Ba Ita Ce Lafiyarsa Ba

Yau za mu leƙa ƙasar Amurka, gidajen mutanen da ake kira Latino, watau waɗanda asalinsu daga Meziko ne da sauran ƙasashen Latin Amurka. Su ma suna son ganin yaro ɓul-ɓul, har sukan kira shi "gordito", ma'ana ɗan lukuti. Da yawa cikin iyayen nan cikin rashi suka tashi, don haka in kumatun ɗa suka cika sai uwa ta ga ta fita kunya.

To, ga abin da ya biyo baya. Ƙididdigar hukumar lafiya ta CDC daga 2011 zuwa 2014 ta nuna kimanin 16 cikin 100 na yaran Latino masu shekara 2 zuwa 5 ƙibarsu ta wuce kima, alhali 'ya'yan Turawa kimanin 5 ne kawai. Yaron da ya shiga firamare da irin wannan jiki, sau da yawa da shi yake girma, ciwon sukari da hawan jini suna jiransa a gaba.

Tsadar abinci mai kyau tana da nata laifi, amma akwai abin da ke hannun uwa. Allah ya halicci yaro da sanin ƙoshinsa. Uwar da ta tsare shi sai ya sauke kwano tana koya masa ya ƙi sauraron cikinsa. Wadda ke rufe bakinsa da biskit duk sanda ya yi kuka, ko ta yi masa alkawarin alawa in ya ci ganye, ta koya masa cewa zaƙi ne lada, ganye kuwa horo. Wata kuma don tsananin so ba ta iya cewa a'a, kullum kwalbar lemo na hannun ɗanta, yana ci yana kallon talabijin.

Wata masaniyar abinci a can, Ellyn Satter, ta raba aikin gida biyu. Uwa ce za ta zaɓi abin da za a ci, da lokaci, da wurin zama. Yaro ne zai zaɓi yawan da zai ci. In ya ture sabon abinci kada a fid da rai, a sake kawo masa wata rana, ko sau goma ne. A 2017 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada a ba jariri ruwan 'ya'yan itace kafin shekara 1, mai shekara 1 zuwa 3 kuma kada ya wuce rabin kofi a rana.

Gyara kuwa yana yiwuwa. A 2009 shirin WIC, mai tallafa wa mata da ƙananan yara da abinci, ya ƙara ganyaye da 'ya'yan itace da hatsin da ba a surfe ba, ya rage ruwan zaƙi. Daga 2010 zuwa 2016 ƙibar yaran Latino masu shekara 2 zuwa 4 da ke cikin shirin ta sauko daga kimanin 19 zuwa 16 cikin 100. Sai dai a gidajensu kaka tana da ta cewa a kan kwanon jika, saboda haka dole a shawo kanta ita ma.

A nan wajenmu tamowa ta fi ƙiba damun yara, don haka ba cewa muka yi a rage wa yaro abinci ba. Amma wace ce a cikinmu ba ta taɓa ganin an danne yaro ana yi masa ɗurar kunu yana kuka ba? Ga kuma lemon kwalba ya shigo gidajen birni.

Uwargida, ki zuba masa daidai, ki zauna ku ci tare, in ya ce ya ƙoshi ki yarda. Ke kuma 'yar makaranta mai goyon ƙanne, ki riƙe wannan tun yanzu, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya mana su.