Lambar NAFDAC ba shaidar warkarwa ba ce

Duk mai shiga Kasuwar IBB a Suleja ko kasuwar Madalla ya san motocin nan masu lasifika, da ke tallar kwalba ɗaya wai tana maganin basir da sanyi da ciwon suga, ta kuma ƙara ƙarfin maza. A kan tebura akwai ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da shayin rage tumɓi, da kayan ƙarin kuzari na ƙasashen waje. Hujjar mai talla ba ta wuce guda: "Ga lambar NAFDAC nan a jiki." Wannan hujja ce ya kamata mu daina karɓa ido rufe.

An kafa NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a 1993, kuma yawancin magungunan gargajiya da take ba wa lamba, izinin wucin gadi ne na shekara biyu. Abin da ake dubawa shi ne ko samfurin da aka kai yana da guba. Ba a gwada ko yana warkarwa ba, shi ya sa doka ta wajabta a rubuta a jikin kwalba cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai maganin ba. Da Turanci ake rubuta wannan gargaɗi, da ƙananan haruffa, alhali da Hausa lasifika ke magana. Kuma wa ya tabbatar cewa abin da aka kai ɗakin gwaji shi ne ake ɗurawa bayan wata shida? Maganin Baban Aisha ya isa misali. Ya karaɗe Arewa shekara da shekaru, sai a 2023, bayan binciken jaridar Premium Times da Dubawa ya nuna haɗarinsa ga ƙoda da hanta, sannan hukumar ta rufe inda ake haɗa shi a jihar Kaduna. 'Yan jarida ne suka riga hukuma, wannan kuwa abin damuwa ne ƙwarai.

Haɗarin ba ɓoyayye ba ne. An sha gano sinadarin Viagra a cikin abin da ake sayarwa da sunan tsantsar itatuwa, kuma idan ya haɗu da wasu magungunan zuciya yana iya sa jinin mutum ya sauka farat ɗaya. Dexamethasone da 'yan mata ke sha don ƙiba yana tayar da suga da hawan jini, yana raunana ƙashi.

Za a ce talaka ba shi da kuɗin asibiti. Gaskiya ne, amma wanda bai iya biyan kuɗin ganin likita ba, ina zai samo na wankin ƙoda? Za a kuma ce maganin gargajiya gadonmu ne. Gado ne mai daraja, kuma gwaji ne ke ƙara masa daraja: cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja, nan kusa da mu, daga tsirran gida ta samar da Niprisan na masu sikila, bayan bincike. Ko Amurka, da dokarta ta 1994 ta sakar wa masu kayan ƙarin kuzari mara, sai da ta haramta kayan da ke ɗauke da tsiron ephedra a 2004 bayan an rasa rayuka.

Abuja na ƙofarmu, amma jami'an NAFDAC ba za su tsaya a kowace tasha ba. Ƙaramar hukumar Suleja da shugabannin kasuwa, waɗanda ke ba da wurin kasa kaya suna karɓar haraji, su ke da ikon hana talla da lasifika ga duk wanda bai nuna izini mai aiki ba. NAFDAC kuma ta riƙa sayen kwalaben daga kasuwa tana gwadawa, ta faɗi sakamakon da Hausa da Gwari a rediyo.