Ramin Titi Daga Tarin Tsakuwa Yake Farawa

Dillalin hatsi a kasuwar Dawanau ba ya yarda da bakin buhu. Yakan cusa hannu can ciki, ya sa a sauko masa da buhun tsakiya, ya kuma nuna na ƙasa wanda mai kaya bai yi niyyar buɗewa ba. Wannan wayon na ɗan kasuwa shi ne abin da ake bukata a wurin zuba kwalta, domin titin da jama'a ke kira na kwalta, kusan kashi 95 cikin 100 na nauyinsa tsakuwa ce da yashi da garin dutse. Kwaltar kanta ɗanko ce da ke riƙe su.

Idan tifa ta juye tsakuwa, manyan duwatsu sukan gangaro gefe su taru a gindin tarin, ƙanana da gari su tsaya a tsakiya. Wanda ya ɗebi samfuri daga gindi zai ce kayan sun yi gwaza-gwaza, wanda ya ɗeba daga sama zai ce sun yi laushi, alhali tari ɗaya ne. A ɗakin gwaji ana jera rariya a kan rariya, mai manyan ido a sama, mai ƙanana a ƙasa, a girgiza, a auna abin da kowace ta tare. Akwai kuma gwajin Los Angeles: a zuba tsakuwa cikin gangar ƙarfe tare da ƙwallayen ƙarfe, a juya ta sau 500, sannan a auna abin da ya farfashe. Dutsen da ya ruguje a ganga haka zai ruguje a ƙarƙashin tayar tirela.

Gwaje-gwajen suna da kyau. Matsalar tana wajen wa ya ɗebi samfurin, daga ina, kuma sau nawa.

Amurkawa sun ga wannan da idonsu. A kusa da garin Ottawa na jihar Illinois, sun gina titunan gwaji, daga 1958 zuwa 1960 suka sa manyan motoci suna zagaya su dare da rana. Daga nan ne aka samo ƙa'idar nan cewa idan aka ninka nauyin da ke kan aksul ɗin mota sau biyu, ɓarnar da take yi wa titi takan ninka kusan sau 16. Amma akwai wani darasin da ba a cika ambata ba. Duk da tsananin sa ido da aka yi a aikin, sakamakon awon kayan ya riƙa bambanta, da yawa suna fita daga iyakar da aka gindaya. Tun daga shekarun 1960 hukumomin tituna na can suka fara aro hanyar da Walter Shewhart ya ƙirƙiro wa masana'antar tarho a 1924: a raba aiki kashi-kashi, a bar ƙuri'a ta zaɓi motar da za a ɗebi samfuri daga cikinta, a rubuta kowane sakamako a jadawali guda, a dubi matsakaicinsa da kuma yadda yake warwatsuwa. Jihohi da dama na Amurka yanzu suna ɗaura kuɗin ɗan kwangila a kan wannan lissafi. Idan kaso mai yawa na kayansa ya fita daga ƙa'ida, sai a zaftare masa kuɗi, ko a sa ya kankare wurin ya sake.

Najeriya ba ta rasa dutse mai kyau ba. Duk wanda ya bi ta Mpape a Abuja ya ga injinan fasa dutse suna aiki. Ba ta rasa masana ba, tun 1978 take da cibiyar binciken gine-gine da tituna ta NBRRI. Sai dai takardar gwaji guda ɗaya mai hatimi, wadda ɗan kwangila ya zaɓi samfurinta da hannunsa, ba ta isa ta yi shaida a kan tifa ɗari ba. Tifar da ta zo da laka a jikin tsakuwa, ko da gari fiye da kima, ita ce za ta bar wurin da ruwan damina zai samu ƙofa. Daga tsaga sai rami, daga rami sai direba ya kauce ya faɗa hannun wani, kuma rayuka ake asara a nan. Bayan haka a kira hukumar gyaran tituna ta FERMA, wadda aka kafa a 2002, ta zo ta yi faci da kuɗin talakawan da suka riga suka biya aikin farko.

Ya kamata ma'aikatun ayyuka na tarayya da na jihohi su rubuta a cikin kowace kwangila cewa injiniyan gwamnati ne zai ɗebi samfuri ta hanyar ƙuri'a, daga kowane kashi na aiki, kuma ba za a biya kuɗin kashin ba sai jadawalinsa ya fito. A liƙa jadawalin a ofishin aikin da ke bakin titi, inda ɗan majalisar yankin, da shugaban direbobin tasha, da ɗalibin injiniya daga Zariya ko Kano za su iya tsayawa su karanta.