Ƙuri'ar Kano Aro Ce

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin mutane, har waɗansu masu ilmi sun ɗauke ta kamar karatu. Wai talakan ƙasar Hausa ba shi da ra'ayin kansa wajen zaɓe. Wai a zamanin da, inda hakimi ya nuna nan ya ke jefa ƙuri'arsa, yau kuwa inda aka miƙa masa taliya da sabulu nan ya ke dangwalawa. In an nemi misali sai a ce Kano, domin nan jama'a ta fi yawa, nan kuma a ke jin manyan 'yan siyasa suna bugun ƙirji, kowa yana cewa Kano tana cikin aljihunsa. Mutanen waje suna faɗin maganar don reni, na gida suna faɗinta don alfahari, amma duk abu guda su ke nufi, watau mai ƙuri'a akuya ce da a ke ja da igiya. To, gani ya kori ji. Zaɓe abu ne da a ke rubutawa, da shekararsa da lissafinsa. Bari mu buɗe littafin Kano tun daga shafin farko, mu ga ko maganar za ta tsaya da ƙafafunta.

A shekarar 1951, bisa tsarin mulkin da aka yi zamanin Gwamna Macpherson, aka fara zaɓen wakilai zuwa Majalisar Jihar Arewa a Kaduna. Lardin Kano, watau ƙasar Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure, aka ɗauke shi mazaɓa guda mai kujera 20. Zaɓen kuwa mai hawa-hawa ne. Masu biyan haraji su taru a unguwa ko ƙauye su fid da mutum a bainar jama'a, waɗanda aka fitar su taru su fid da waɗansu daga cikinsu, haka har a kai taron ƙarshe na lardi, wanda shi ne ke zaɓen wakilan. A hawan farko, inda talaka ke da baki, jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ta yi rinjayen da ya girgiza fada a cikin birni. Amma doka ta yardar wa En'e ta zuba mutanenta, har kashi 10 cikin 100, a taron ƙarshe, ba tare da kowa ya zaɓe su ba, har da waɗanda suka faɗi a hawan farko. Da aka gama tacewa, ko ɗan NEPU ɗaya bai fito ba. Wanda ya dubi sunayen mutum 20 ɗin nan kaɗai, lalle zai ce Kanawa bayan sarauta su ke baki ɗaya. Wanda ya dubi hawan farko zai san abin da aka zuba cikin rariya dabam, abin da ya fito dabam.

Wannan shi ne mabuɗin tarihin duka. A 1954, da aka yi zaɓen Majalisar Wakilai ta Ikko, har yanzu ta hanyar hawa-hawa, Maitama Sule na NPC ya kayar da Malam Aminu Kano. Ran 12 ga Disamba 1959 aka sake zaɓen, wannan karon kowane baligi namiji ya shiga ɗaki shi kaɗai, ga akwatin fartanya ta NPC, ga na tauraron NEPU, ba mai ganin inda ya jefa takardarsa. Sai Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas. Mutumin nan guda ne, jama'ar ma ba a sake su ba cikin shekara biyar. Abin da ya sake shi ne labule da aka sa tsakanin talaka da idon dagaci.

Mai gardama zai ce, ai duk da labulen NPC ce ta kwashe Arewa a 1959, kujera 134, NEPU kuwa 8 kacal, a zaɓen Majalisar Jiha na 1961 ma kujera ɗaya tak ta tsira da ita, har a 1964 Malam Aminu kansa ya rasa tasa. Gaskiya ne, ba kuwa za mu ce NPC ba ta da masoya ba. Tana da su da yawa, masu ganin Sardauna shi ne garkuwar Arewa, kuma ra'ayinsu ne, ba wanda ya tilasta su. Amma a tuna da filin da aka yi kokawar. En'e ce ke ba da izinin lacca, 'yan dokanta ke kamu, alkalinta ke shari'a, gidan yarinta ke karɓar wanda aka ɗaure, hakiminta ke yanka haraji. Manomin da aka san ɗan NEPU ne ya san abin da ke jiransa in damina ta wuce. A 1964 kuwa mazaɓu da yawa na Arewa ba a ma jefa ƙuri'a ba, aka ce ɗan takarar NPC ba shi da abokin hamayya. Shirun da aka samu ta wannan hanya, ba a kiransa yarda. Sa'an nan rabin jama'a, watau mata, ba su da ƙuri'a ko kaɗan a duk Arewa. Gambo Sawaba ta sha ɗauri kan neman musu ita, ba su same ta ba sai 1976.

In ana son a san abin da ke ran Kanawa a waɗannan shekaru, a dubi ranar da aka ɗage musu murfi. Soja suka karɓi mulki a 1966, lardin ya zama jiha a 1967, aka raba sarakuna da 'yan doka da kotuna da gidan yari. Da aka komo ga zaɓe a 1979, maza da mata, sai jam'iyyar PRP ta Malam Aminu, mai alamar mabuɗi, ta kwashe Kano, Abubakar Rimi ya zama gwamna. Alhaji Shehu Shagari na NPN, jam'iyyar da manyan Arewa suka taru a cikinta, ko kashi 20 cikin 100 bai cika ba a Kano. Wannan ƙarancin ya kusa hana shi mulkin Nijeriya. Doka ta ce sai mai nasara ya sami rubu'in ƙuri'u a sulusi biyu na jihohi 19. Ya samu a 12, ta 13 ita ce Kano, nan kuwa ya gaza. Sai lauyansa, Richard Akinjide, ya kawo lissafi cewa sulusi biyu na 19 shi ne 12 da sulusi biyu, don haka abin da a ke bukata a Kano rubu'in sulusi biyu ne, watau sudusi, wanda Shagari ya wuce. Kotun Ƙoli ta karɓi wannan lissafi ran 26 ga Satumba 1979, ta kori ƙarar Cif Awolowo. Jama'a, ku duba fa. Mutanen da a ke cewa awaki ne, su ne suka sa sai da aka gutsura jiha kashi uku a kan takarda kafin a naɗa shugaban ƙasa.

Nan mai gardama zai sake shiri, ya ce to, ai uban gida suka sake kawai. Sun bar hakimi sun kama Malam Aminu, bayansa Rimi, bayansa wani. Wannan hujja ta fi ta farko nauyi, domin lalle Kanawa suna son jagora, suna yi masa waƙa, suna sa irin hularsa. Amma mu bi sawun jagororin mu ga yadda suka ƙare da jama'ar. PRP ta rabe biyu, 'yan Santsi na Rimi da 'yan Taɓo na Malam. Malam Aminu ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983. Rimi, wanda ba a taɓa gwamna mai farin jini irinsa ba, ya sauka daga kujera ya koma NPP ya sake neman ta, yana ganin jama'a za su bi shi duk inda ya sa ƙafa. Suka bar shi, suka zaɓi Sabo Bakin Zuwo na PRP. A 1991, bayan an cire Jigawa, jam'iyyar SDP ce ke da rinjaye a Kano, amma tsohuwar gabar Santsi da Taɓo ta hana ta haɗa kai kan ɗan takara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: masu ƙuri'a suka ba SDP majalisar jiha, suka ba Kabiru Gaya na NRC gidan gwamnati. Wanda ke iya raba ƙuri'arsa biyu haka, ya san abin da ya ke yi.

Babbar shaida ita ce ta ran 12 ga Yuni 1993. Alhaji Bashir Tofa ɗan Kano ne haifaffe, Cif Moshood Abiola kuwa Bayarabe ne daga Abeokuta. Da a ce ƙabila ko gari ke jan hannun Bakano, da ba sai an ƙirga ba. Aka ƙirga, Abiola ya kayar da Tofa a jiharsa. Soja suka soke zaɓen, amma ba su iya soke wannan lissafi ba. Duk mai cewa Bahaushe ba ya zaɓen kowa sai nasa, a karanta masa shi.

Daga 1999 zuwa yau labarin bai sake ba. Rabi'u Musa Kwankwaso na PDP ya ci a 1999. A 2003, yana kan kujera, jam'iyyarsa ce ke riƙe da Abuja, sai Malam Ibrahim Shekarau na ANPP, malamin makaranta wanda ba shi da dukiyar a zo a gani, ya kayar da shi. Shekarau ya sake ci a 2007, ya zama na farko da Kanawa suka ba wa kujerar sau biyu a jere. A 2011 suka ƙi wanda ya tsayar ya gaje shi, suka komo da Kwankwason da suka kora. A 2015 suka ba Muhammadu Buhari na APC ƙuri'a 1,903,999, suka zaɓi Abdullahi Ganduje gwamna. Bayan shekara takwas, a 2023, suka juya wa APC baya, Abba Kabir Yusuf, a ƙarƙashin NNPP, ya sami 1,019,602, Nasiru Gawuna ya sami 890,705. Gwamnonin Kano da aka zaɓa sun fito daga PRP da NRC da PDP da ANPP da APC da NNPP. Wane aljihu ne wannan da kowa ya sa abu a ciki sai ya zube?

Ba mu ce kuɗi ba sa aiki ba. Ana raba taliya, ana raba atamfa, akwai kuma mai sayar da ƙuri'arsa don yunwar yini guda, abin kunya ne gare shi, ya fi zama abin kunya ga wanda ya saya. Amma da kuɗi ne ke yanke hukunci, da gwamna mai riƙe da baitulmali bai taɓa faɗuwa ba, da kuma wanda ya tsayar bai taɓa shan ƙasa ba. A Kano an ga duka biyu.

Haɗarin da ke bisa ƙuri'ar Bakano yana wani wuri, wurin da ya ke tun 1951, watau tsakanin hannun mai jefawa da bakin mai sanarwa. A 2019 Abba Yusuf yana gaba da ƙuri'a 26,655 aka ce zaɓe bai kammala ba. Aka sake shi a waɗansu rumfuna ran 23 ga Maris, masu sa ido na Tarayyar Turai suka ba da shaidar ganin 'yan daba da makamai suna razana mutane, aka sanar Ganduje ya ci da ratar 8,982, kotuna kuma suka tabbatar masa. A 2023 kotun sauraron ƙarar zaɓe ta zare ƙuri'a 165,663 daga na Abba Yusuf, don wai ba a buga wa takardun hatimi da sa hannu ba, ta ba Gawuna kujerar, kotun ɗaukaka ƙara ma ta tsaya kan tsige shi. Sai ran 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta mai da su. Ko wace jam'iyya mutum ya ke so, ya kamata hankalinsa ya tashi. Buga hatimi aikin ma'aikacin zaɓe ne. Tsohuwar da ta yini cikin rana a layi ba ta da hannu a ciki, don me za a yi mata hukuncin sakacin wani? Wannan rariyar 1951 ce ta komo da sabuwar riga.

Akwai kuma haɗari na biyu, shi kuwa daga gida ya ke. A 2023 mutanen da suka yi rajista a Kano sun kusa miliyan 6, ba jihar da ta fi ta sai Ikko, amma waɗanda suka fito zaɓen gwamna kimanin sulusinsu ne kawai. Sauran sun zauna a gida suna cewa an riga an gama, ƙuri'a ba ta da amfani. Ga amfanin da maganar renin nan ke yi wa masu yaɗa ta: in talaka ya yarda shi akuya ne, ba sai an ɗaure shi ba. Mutum biyu cikin uku da suka ƙi fita sun yi wa mai maguɗi aikin da 'yan daba dubu ba za su iya yi masa ba.

Saboda haka muna kira ga bangare uku. Masu reni daga nesa su karanta lissafi kafin su buɗe baki. Masu mulki, na yau da na gobe, su san Kano ba ta taɓa ba kowa ƙuri'arta kyauta ba, aro ta ke bayarwa, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Rimi da Kwankwaso da Shekarau da Ganduje duk sun ga ranar da mai kaya ya zo karɓar abinsa. Kai kuma mai ƙuri'a, ka tuna an ɗaure mutane, an yi musu bulala, an kore su daga gonakinsu kafin a sa maka labulen nan. Ka fita ka jefa, ka tsaya a ƙirga a gabanka, ka ga an rubuta an sa hannu kafin ka koma gida. Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, ya ba mu kuma jama'a masu sanin darajar abin da ke hannunsu, amin.